Jikan Rariya

A tsibirinmu, sunan da aka raɗa wa mutum a coci na takarda ne kawai. Sunan gaskiya shi ne wanda bakin gari ya liƙa maka, in kuwa ya liƙu, har 'ya'ya da jikoki sai sun gaje shi kamar gonar zaitun. Dinko mai gidan burodi, Rariya ake ce masa. Yara su ce Barba Rariya, wato Kawu Rariya, wai su nan ladabi suka yi, tsofaffi kuwa ko barban ba sa sawa. Ya amsa sunan nan shekara arba'in da ɗoriya, yana miƙa burodi yana murmushi, amma ko rana ɗaya bai daina yi masa ciwo ba.

Yana ɗan shekara sha bakwai, shi ne mai jar hula, wato mai tsaron raga, a ƙungiyar ƙwallon ruwa ta makarantar sakandare. Filinmu kuwa tekun ne da kansa, tsakanin bangon tashar jiragen ruwa da kwale-kwalen masunta, inda ƙafar mutum ba ta taɓa ƙasa komai tsawonsa. Waɗanda suka ga Dinko a lokacin, har yau in suna ba da labari sai sun miƙe tsaye. Ƙafafunsa na juyawa a ƙarƙashi kamar ana burga miya, sai ka ga ya taso daga ruwa har ƙugu, hannuwa a buɗe, ya daɗe a nan sama kamar an ajiye masa benci. Tsofaffin mata da ke kallo daga kan bango sukan dafe ƙirji su ce wannan yaro ba shi kaɗai ba ne.

Sai aka gayyace su gasar makarantu a birnin Split, can tsallaken teku. Ranar ce Dinko ya fara ganin tafkin siminti mai rufi, cike da ruwan famfo. Yana faɗawa ciki ya ji abin da bai taɓa ji ba: ruwan ya ƙi ɗaukarsa. Ya burga ƙafa iya ƙarfinsa, ya taso iya ƙirji, ya koma. Ƙwallo ta bi ta saman kansa, ta bi ta gefen kunnensa, ta bi ta inda hannunsa ya saba kaiwa ba wahala. Kafin a tashi an zura masa goma sha wani abu.

Da jirgi ya dawo da su, rabin gari na bakin tasha. Tonko ɗan masunta, sa'ansa, wanda Allah ya yi wa baki kamar reza, ya fito da rariyar uwarsa ta tankaɗe ya kifa masa a kai. Aka fashe da dariya. Shi ke nan, an gama raɗin suna.

Kowa ya ce tsoron birni ne ya kama shi, shi ma ya yarda tsoro ne. Ya ajiye jar hula, ya shiga gidan burodin ubansa, ya auri Perina, suka haifi 'ya mace ɗaya. Ba ya zuwa kallon wasa, amma in aka busa usur a tasha hannunsa yakan tsaya cak a cikin ƙullu.

Gaskiyar maganar sai bayan shekaru ta same shi, a Lungun Wanki. Wani ɗan lungu ne bayan gari inda idon ruwan daɗi ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse ya malale a kan teku, ruwa mai sanyin ƙanƙara ko da tsakiyar zafi. Mata ke wanki a wurin, ba mai iyo a ciki sai mahaukaci. Wata rana iska ta fizge buhun fulawa daga hannun Perina, Dinko ya yi tsalle ya bi shi. Yana shiga ya ji ya yi ƙasa, kafaɗunsa sun yi nauyi, ruwan ya ƙi shi, sak irin na ranar Split. Ya lasa, ba gishiri.

Ya fito yana rawar sanyi ya zauna a kan dutse.

"Perina, ashe ba tsoro ba ne. Gishiri ne. Teku ne ke ɗauke da ni duk shekarun nan ban sani ba."

"To na ji. Ina buhuna?"

Ya gaya wa mutane a majalisa, suka ce eh, ai kowa ya san ruwan birni nauyi gare shi, Rariya a ba mu burodi biyu. Mutanenmu kenan. Ka kawo musu gaskiya da zafinta, su tambaye ka ko da sauran na jiya.

'Yarsa ta tafi aikin otal a ƙetare, ta bar musu ɗanta Lovre. Yaron ya tashi cikin fulawa, dogo, siriri, mai hannuwa har gwiwa da kunnuwa kamar na tulu. Yana shiga sakandare, Malam Bepo mai koyar da wasanni ya kalli hannuwan nan ya miƙa masa jar hula, bai ko tambaye shi ba. Sai wata la'asar yana tura amalanken burodi ta bakin tasha ya ji Frane, jikan Tonko, ƙaton yaron da ke buga musu gaba, yana ƙwala kira daga cikin ruwa:

"Kai Ƙaramin Rariya! Toshe ramukan nan mana, ko sai an kawo maka ƙullu?"

Yara suka yi dariya. Lovre ma ya yi, irin dariyar da Dinko ya sani sarai, don shi ya fara yin ta. Shi dai ya riga ya tsufa da sunan, da shi za a kai shi rami. Amma yaron nan, wanda bai ci ba bai sha ba, a ce shi ma haka zai ƙare? A ƙarshen shekarar nan ajinsu zai je Split. In aka zura masa goma sha wani abu, magana ta ƙare har jikokinsa.

Washegari bayan an tashi makaranta ya ja yaron zuwa Lungun Wanki, da jarkar man zaitun babu komai ciki.

"Shiga."

"Nan? Tsoho, ka fara ruɗewa ne? Ko kifi ba ya kwana a nan."

"Kifi ba ya tsaron raga. Shiga kafin in tura ka."

Lovre ya shiga ya ƙwalla ihu har awaki suka watse a kan tudu. Dinko ya cika jarkar da ruwa, ya buɗe murfin, ya miƙa masa.

"Ɗaga ta bisa kanka, ka kifa bakinta. Kada haɓarka ta taɓa ruwa sai ta tsiyaye tas."

Ranar farko ko rabi bai kai ba ya nutse. Ya fito leɓe shuɗi, yana cewa shi ya fasa, gara a kira shi Rariya da a kira shi marigayi. Perina ta tarbe su da bargo da miyar kifi mai zafi da faɗa.

"In ka kashe mini ɗan mutane, kai za ka buga wa uwarsa waya, ba ni ba."

Amma washegari yaron ya riga kakansa zuwa. Haka suka yi ta yi, damina da sanyi, har ranakun da iskar arewa ke kaɗa kumfa a kan duwatsu. Jarka ɗaya ta zama biyu a jere, biyu ta zama uku. Cinyoyin yaron suka cika wando. Dinko na tsaye a kan dutse da ragowar fulawa a gira, yana jifan sa da tsohuwar ƙwallo, yana cewa, "Kada ka sauko! Wanda ya fara saukowa shi ya faɗi. Bar shi ya gaji da jiran ka."

Malam Bepo ya zo ya gani, ya tsoma hannu a ruwan, ya lasa. Mako na zagayowa ya taso ƙungiyar gaba ɗaya. Ranar an ji zagi a Lungun Wanki wanda ko masunta ba su san da shi ba.

"Wayyo uwata! Barba, wannan ruwa ne ko wuƙa?"

"Frane, kai da kitsen nan naka ma kana kuka? Mu masu ƙashi mu ce me?"

"Rufe mini baki, tsinken sakace. Ƙaramin Rariya, matsa can, kai da kakanka kuka jawo mana."

Suna fitowa sai su ruga gidan burodi su jeru a jikin bangon tanda kamar ƙadangaru, huluna a wuya, suna yagar burodi mai zafi suna tsomawa a man zaitun, suna musun wa ya fi shan ruwa yau. Wanda ya makara shi ke share tanda. Wanda ya yi kuka ba a faɗa a gida. Sunan dai bai bar bakinsu ba, ya riga ya zauna kamar gaisuwa.

Ranar tafiya Dinko ya ce ba za shi ba, wa zai kula da tanda? Perina ta ɗauko masa farar rigarsa ta coci ta ce, "Tandar ba ta da ƙafa." A jirgi ya tarar da Tonko, ya tsufa ya rankwafa, amma bakin na nan yadda yake.

"A'a, Rariya! Za ka je ɗauko ƙwallayen da ka bari ne?"

Dinko ya yi murmushin nan nasa, ya juya yana kallon ruwa.

Suna shiga ɗakin wasan, warin maganin tafkin ya daki hancinsa. Ya zauna can sama tsakanin Perina da Tonko. Yaran birni suka fito su goma sha uku, ƙarti, wasu har da gemu, kowa da rigar wanka iri ɗaya. Namu suka fito da tawul ɗin gidajensu, wani mai hoton fure.

Aka busa usur. Abin da Dinko ya fara lura da shi kafaɗu ne. Kafaɗun yaranmu na sama da ruwa, a bushe, suna sheƙi. Ga ruwan ɗumi, ba iska, ba igiya. Frane ya juyo da ƙaton da ke riƙe da wandonsa ya zura ƙwallo ta baya, ya ɗago kai yana ihu, "Lovre! Wannan ai ruwan wankan jarirai ne!"

Ba wai yaran birni sun zo wasa ba ne. Sun fi mu gudu, sun fi mu dabara, in ɗaya ya gaji a sako wani. Sun zura, mun rama, sun zura, mun rama. An ci Lovre, ci mai kyau ma, amma duk wadda ta shiga sai da aka yi gumi a kanta. Ana dab da tashi, ci ya yi daidai, sai wani yaronmu ya yi sakaci aka ƙwace ƙwallo. Wani bahagon yaran birni, wanda ya fi kowa hannu, ya tsere shi kaɗai ya tsaya gaban raga, ba kowa tsakaninsa da Lovre sai ruwa.

Ya ɗaga hannu. Lovre ya taso.

Ya taso ƙirji, ya taso ciki, ya taso har bakin wandonsa ya fito fili, ruwa na zuba daga jikinsa, hannuwan nan sun rufe raga daga kusurwa zuwa kusurwa. Bahagon ya san aikinsa. Ya yi kamar zai jefa, ya fasa, yana jira yaron ya koma ƙasa kamar yadda kowane ɗan Adam ke komawa. Lovre bai koma ba. Bahagon ya sake yi, yaron bai koma ba. Ya yi na uku, na huɗu. Ɗakin nan mai cike da mutane ya yi tsit, ba ka jin komai sai ruwan da ke tafasa a ƙarƙashin ƙafafun yaron. Dinko ne ya koya masa, da hannunsa ya cika jarkokin, amma wallahi bai san jikin mutum na iya haka ba. Shi kansa a teku, a ranar da ya fi kowace rana, bai taɓa daɗewa haka a sama ba.

Hannun bahagon ne ya fara gajiya. Ya jefa don dole, Lovre ya maƙe ta da tafin hannu ɗaya, ƙararta ta daki rufin ɗakin ta dawo. Aka busa tashi, canjaras. Mutanen birni da kansu suka miƙe suna tafi.

Dinko bai iya tashi ba. Hawaye kawai yake yi, yana murza hularsa.

A layin da ke gabansu akwai wani dattijo mai sanda, tsohon mai horar da ƙungiyar birnin, wanda kowa ke rusuna wa in zai wuce. Ya juyo, ya ga tsofaffin tsibiri da kwandon abincinsu, ya ce:

"Naku ne mai jar hular nan? Na tsufa a bakin tafki ban ga irin wannan ba. Ɗan gidan wa ne?"

Tonko ya buɗe baki. Dinko ya runtse ido, don ya san bakin nan, kuma ya san duk abin da ya fito daga cikinsa yau shi zai sauka daga jirgi tare da yaron.

"Lovre sunansa," in ji Tonko. "Jikan Dinko ne. Dinko mai tsaron ragarmu. Ai da ka ga kakan a zamaninsa."

Dattijon ya miƙo hannu. Dinko ya waiwaya baya yana neman wanda ake nufi, sai da Perina ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce, "Kai ake miƙo wa."