Littattafan Kawu da Ɗinkin Tsohon Kokoro

Kawuna ɗan canji ne a Titin Koudoukou, kuma ban taɓa ganin magidanci mai son littafin zane irinsa ba. Na 'yan leƙen asiri yake karantawa, da Faransanci, irin waɗanda jarumin ke yawo da fasfo uku a aljihu. Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ni kaɗai na damu da su a gidanmu. Shi ya sa da rikici ya sa ya kwashe iyalinsa zuwa Kamaru, ni ya bar wa kwalinsu ajiya.

Iri biyu ne a ciki. Akwai ƙanana goma sha biyu masu laushin bango, labari ɗaya ne a jere. Sai babba guda mai bangon kwali mai sheƙi, wanda abokinsa ya kawo masa daga Faransa. Da shi Kawu ya fi ji, har a leda yake ajiye shi. To, shi ya fara lalacewa. Danshin damina ya cinye gam ɗin da ke riƙe da shi, ranar da na buɗe sai shafuka suka zubo mini a cinya. Ashe ko zare ɗaya babu a jikinsa.

Hankalina ya tashi, don amana ce. Maƙwabciyarmu ta ce akwai wani tsoho a unguwar Kokoro mai ɗinka littattafan malamai yana sa musu bangon fata. Na ɗauki duka na je, ina jin kunya.

"Baba, ba fa na addini ba ne," na ce, da Hausata mai haɗe da yaren Sango.

"Takarda ce dai ko? Miƙo, 'yata."

Ya gyara tabarau yana duba zanen, har ya tsaya kan wani mutum da ke reto a jikin jirgin ƙasa. Ya tambaye ni laifin me ya yi ake binsa haka. Na ce takardun sirri ya ɗauko.

"Allah ya kuɓutar da shi," in ji shi, kuma ba da wasa ya faɗa ba.

Bayan mako guda na karɓo. Babban ya koma daidai, ƙananan kuma ya haɗe su wuri ɗaya cikin jar fata, ɗinki ƙam, in ka buɗe littafin sai ya kwanta da kansa. Sai da na isa gida na ga matsalar. Ya jera su ne daga dama kamar littafin Larabci, na goma sha biyu ya zama na farko.

Na yi kwana biyu ina shawara. Na ga yatsunsa yadda suka kumbura, ban so in ƙara masa wahala ba. Daga baya na koma na nuna masa, na ce a bar shi haka, zan iya karantawa. Sai ya ɗauko reza.

"A'a. Mai shi zai gani wata rana."

Ya ƙi karɓar ko sisi a kan gyaran. Abu ɗaya ya roƙa, in zauna in ba shi labarin yana ɗinki. Hantsi uku na yi a rumfarsa ina fassara masa, yana soka basilla, yana tsawatar wa maci amanar cikin labarin kamar yana gabansa. Da muka zo inda jarumin ya tsallake iyaka, ajiye zaren ya yi ya ce alhamdulillahi.

Na ɗauki hoton littattafan na tura wa Kawu ta waya. Da yamma ya aiko saƙon murya, yana dariya, ya ce in riƙe ƙananan sun zama nawa, babban kuwa in ba direban motar Garoua-Boulaï, garin bakin iyakar Kamaru, ya kawo masa, amma in naɗe shi da kyau saboda ruwa.