Tulun da Iya ta dafa mini a ƙauyensu

Ina da cikin fari wata bakwai aka hana mahaifiyata bizar zuwa wajena a Guangzhou ta ƙasar Sin. Maigidana kullum yana kasuwar Shahe wajen dilolin kaya, ni kuwa ina sama hawa na shida, ina kallon shanyar mutane tana kaɗawa a tagogi. Wata tsohuwa 'yar Sin da ke ƙasanmu ce ta ɗauke ni 'ya ba tare da ta nemi izinina ba. Iya nake ce mata. Hirarmu duk da hannu ce, kuma ta fi ni surutu.

Wata safiya ta ja ni muka hau mota zuwa ƙauyensu, arewa da Guangzhou. Har yau idan na tuna wurin sai in ga kamar a barci na je. Hazo ya sauko kan duwatsu, itatuwan lici sun yi duhu, ga wani tsohon gida mai tsakar gida kamar namu na cikin birnin Kano. Ƙanenta ne ke riƙe da sana'ar gidan, wadda suka gada tun kakanni. Ana turara shinkafa mai danƙo, a baza ta sha iska, a barbaɗa mata wani jan gari, a zuba a tuluna a rufe. A bayan gida an jera tulunan cikin ƙaiƙayi, wuta na cinsa a hankali, hayaƙi na tashi siriri ba ya sauri. Wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ya cika ko'ina, har ɗan cikina ya motsa.

Iya ta kama hannuna ta ɗora a kan wani ƙaramin tulu mai ɗumi, ta nuna cikina, ta nuna tulun. Ni da na tashi a Kano ban taɓa sanin warin giya ba, sai na ɗauka irin tsimin nan ne na mata. Na yi ta zuba godiya har da rusunawa.

Kwana uku da haihuwata sai ga ta da tukunya tana tururi, kaza da citta cikin jan romo. Maigidana na buɗewa ya mayar da murfin. Ya ce mini giyar shinkafa ce, a al'adarsu ita ake dafa wa maijego kaza da ita wata guda cur, kuma uwa ce ke yi wa 'yarta. Raina ya ɓaci, amma haushin wautata na fi ji. Ba zan ci ba, wannan babu tantama, amma ina tsoron in rasa mace ɗaya tilo da ke hawo mini bene a garin nan.

Ya yi mata bayani da ɗan Sinancinsa na kasuwa. Ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta ɗauki tukunyarta ta sauka. Ranar na yi kuka sosai.

Kwana biyu shiru. A na uku ta dawo da sabuwar tukunya, takardar kanti ma ba a ɓare ba. Ashe unguwar Xiaobei ta je da ƙafarta, ta tambayi inda Musulmi ke sayen kaza. Romon fari ne tas, citta kawai da jan dabino. Ta tsaya a kaina sai da na suɗe kwanon.

Haka ta yi ta zuwa kullum. Ran kwana talatin ta kakkaɓe hannuwa, alamar wata ya cika, an gama. Cikin zolaya na ɗaga mata yatsu huɗu, maigidana ya fassara.

"A garinmu arba'in ake yi, Iya."

Ta harare ni, ta yi wata magana da ya ƙi fassara mini. Washegari da hantsi ina shayarwa na jiyo takunta a bene, tana hawowa tana hutawa.