Radiyon da na haɗa wa Kawu

A shekarar da aka karya darajar kuɗinmu, ina koyar da kimiyya a wani kolej a Tawa. Yajin aiki ya fi kwanakin aiki yawa, ga siyasa ta ɗauki zafi, kowa ya manne da radiyo. Pil kuwa, wato batirin radiyo, ya yi tsadar da har mutum sai ya zaɓi labaran da zai saurara.

Wata rana kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya zo daga Kalfu da radiyonsa a cikin jakar fata. Ya aje a gabana ya ce, "Mushe, wanga abu ya fi raƙumi ci. Pil huɗu ba su yi mishi sati."

Da ina da hankali da na saya masa pil na sallame shi. Amma an kira ni Mushe, sunan girma na malaman boko, a gaban matata. Na ce ya bar mini shi, zan haɗa masa wanda pil guda zai kai shi kaka.

Na san lasifika da abin da ke tura mata murya su ne ke shanye wuta, saboda haka na yanke shawarar raba radiyon da su gaba ɗaya. Na kwance na Kawu ɗai-ɗai, na tsinci abin da nake so, na naɗa siririyar waya a jikin kwali, na samo ɗan abin sawa a kunne wajen wani mai gyara a kasuwa. Ƙarfen liƙi a garwashin matata nake gasa shi. Na ƙona tabarma biyu da babban yatsana. A lokacin har na fara tunanin rigar da zan sa ranar da minista zai kira ni Yamai.

Sati uku ina fama, rannan da hantsi na ji murya ƴar ƙarama cikin kunnena tana karanta labarai. Na yi ihu. Matata ta fito da ludayi a hannu, na sa mata a kunne. Ta saurara ta ce, "Malam, kamar sauro ya iya Hausa."

Ban kula ta ba. Na zuba kayan a gwangwanin madara, na hau mota zuwa Kalfu. Dattawa na zaune a inuwar da suka saba jin labarai tare da Kawu. Na ɗaure doguwar waya a reshen itacen, na yi musu bayanin yadda wuta ke tafiya, bayanin da ko ɗalibaina ba su taɓa jurewa ba. Sannan na kunna.

Shiru. Wani ya ce, "To, a buɗe mana."

Na ce ai a buɗe yake, sai dai mutum guda ke ji. Na sa wa Kawu a kunne. Ya runtse ido, ya daɗe, ya sauya kunne.

"Mi kac ce yana faɗi?"

Nan na tuna Kawu ya yi shekaru ba ya ji sosai. Shi ya sa yake ƙure murya har ƙarshe, shi ya sa pil ba ya kwana. Ni da na lissafa komai, ban lissafa kunnen mai radiyon ba.

Wanzamin garin ne ya cece ni. Ya ce a ba shi, shi zai riƙa ji yana faɗa musu da ƙarfi. Na komo Tawa ina gaya wa abokan aiki an karɓi aikina hannu biyu.

Ashe wanzami ɗan jam'iyya ne na gaske. In labari ya yi wa nasu daɗi, sai ya ƙara masa gishiri. In bai yi ba, sai ya ce iska ta ɗauke muryar. Sai da wani ya je cin kasuwa Bambeye ya ji akasin abin da aka faɗa musu wata guda, aka yi cacar baki har wasu suka daina gaisawa.

Kawu ya sake zuwa, gwangwanin na naɗe cikin tsumma. Na gwada, pil ɗin nan guda yana nan da ransa. Na nuna masa haka da ɗan alfahari.

Ya ce, "Na gani, ɗana, Allah shi yi albarka. Ba ni nawa."

Nasa yana cikin kwano ƙarƙashin gado, guntu-guntu. Na shiga ɗaki na tsaya ina kallon kwanon. Matata ta ɗauko radiyonmu na gida daga kan tebur, ta goge shi da gefen zanenta, ta kai masa. Ya murɗa har ƙarshe, ya yi murmushi, ya sa a jaka.

Wayar kuwa bai maido ba. Ya ce matan gidansa na shanya a kanta, kuma ba su taɓa samun igiya mai kyau irinta ba.