Madam Shiru Ta Riga Yaya Warkewa

Yayata ta yi shekara ashirin da shida tana yankan yadi a tsaye, a wani shagon ɗinkin kayan makaranta da ke bayan tashar mota. Ni guga nake yi a lungun shagon. Ita ta samo mini aikin, kamar yadda ta samo mini kusan duk abin da na taɓa mallaka, har da mijin da muka rabu. Mace ce da in ta kalli yaro sau ɗaya ta san awon wandonsa. Ba ta ɓarnar yadi, ba ta ɓarnar magana.

Shekara uku ke nan jikinta ya fara yi mata tawaye. Yau kafaɗa, gobe ƙugu, jibi tafin ƙafa, ga wata gajiya da barci ba ya wankewa. Sai ta yi awa goma a kwance ta tashi kamar wadda aka kwana ana duka. An ɗebi jininta har na ce su rage mata na komawa gida, amma kowane gwaji sai ya fito lafiya lau. Mijinta ya ce tunani ne. Mai shago ya ce tsufa ne. Wata maƙwabciya ta ce ita ma haka take ji in ta ƙoshi, kuma wallahi har yau ba na gaishe ta.

Daga baya wata likita ta sa wa ciwon suna, faibromayaljiya, Yaya kuwa ta ci gaba da kiransa mai dogon suna. Shi mai shago ya gaji da fashinta, ya yanke magana: ko ta kawo takardar likita kafin a koma makaranta, ya mayar da ita kan keke, aikin zaune, ko ya nemo wani mai yanka ta tafi gida. Likita ta ce ba za ta rubuta komai da ka ba. Ta ba mu wata takarda mai zanen mutum, gaba da baya, ta ce Yaya ta riƙa yin alama kullum a inda ke ciwo har wata uku.

Yaya ta kalli zanen nan ta ce ba za ta taɓa shi ba. Wai hannunsa ya fi ƙafarsa tsawo, ba shi da ƙugu, duk wanda ya zana shi bai taɓa auna ɗan Adam ba. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

Akwai wani tsohon mutum-mutumi na gwada riga a shagon, ma'aikata na kiransa Madam Shiru. Shi Yaya ta jawo kusa da teburinta. Ta ce daga yau ciwonta a jikin Madam zai zauna: fil mai jan kai don ciwo, mai shuɗin kai don gajiya, kowanne da ɗan ƙyalle a maƙale, an sa kwanan wata. Da yake Madam gangar jiki ce kawai, sai Yaya ta cusa guntayen yadi a safa ta yi mata kai, saboda ciwon kai. Ta yi mata ƙafafu da tsohon wando. Ranar da muƙamuƙi ya matsa mata ta ƙara wa safar haɓa.

Cikin wata biyu Madam ta koma bushiya. Masu kawo ɗinki suka daina shigowa da yara. Wata mata ta tambaye ni a asirce ko Yaya na karɓar aikin wasu, don tana da wanda take so a soke mata a gwiwa. Amma abin ya yi amfani. A jikin Madam muka gano cewa duk ranar da Yaya ta wuce awa huɗu a tsaye, sai bayan kwana biyu shuɗi ke cika mata baya. Mijinta ma da ya zo ya gani, sai ya koma gida ya wanke kwanoni a karon farko a tarihi.

Matsalar ita ce tela ba ya iya ganin fil zaune ba aiki. Ba mugunta ba ce, hannunsa ne ke tafiya shi kaɗai. Mai ɗinkin kwala zai wuce yana hira ya zare ɗaya daga wuyan Madam ya sa a baki. Na zama ɗan sanda, na sha ƙwato ciwon bayan Yaya daga bakin mutane. Sai ga babban aiki ya faɗo, rigunan makarantu uku a mako ɗaya. Yaya ta tsaya kwana biyar tana yanka, a na shida ta kasa ɗaga kai daga filo. Kwana tara ina gidanta ina ba ta ruwa da cokali.

Da na koma shago na tarar da Madam fes, sai fil uku a kafaɗa. Duk ciwon wata biyu ya tafi a jikin rigunan 'yan aji ɗaya. Na zagi telolin ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da mai shago, shi kuwa cewa ya yi ai fil ɗin na shago ne. Na yi kuka a bayan teburin guga, don takaici ya fi ƙarfin bakina.

Duk da haka muka tafi da Madam asibiti, Yaya ta ce ramukan fil ɗin suna nan. Direban motar haya ya ba Madam gaba, mu muka matsu a baya. A layi wata tsohuwa ta yi wa Madam sannu, ta ce Allah ya ƙara sauƙi.

Likita ta zagaya Madam sau biyu. Ta tambayi Yaya ya jiki, Yaya ta ce da sauƙi, ni kuwa kamar in shaƙe ta. Na fara bayani, likita ta ɗaga mini hannu. Ta zare fil ukun nan ta zube su a kan tebur, ta ce Yaya ta mayar da su inda ke ciwo yau.

Yaya ta miƙa hannu. Fil ya gudu. Ta sake, yatsunta suka ƙi haɗuwa. Ta tura shi bakin tebur don ya faɗo mata a tafi, ya faɗi ƙasa. Ni da nake kusa da ita kullum ban sani ba. Ashe almakashi da dukan hannu take damƙarsa, fil kuwa da ƙaramin maganaɗisu take ɗauka a ɓoye.

“Kin yi mata kai, kin yi mata ƙafa,” in ji likita a hankali. “Ina hannuwanta?”



Likita ta rubuta takardar nan take, shafi guda cur, ta buga hatimi. A barandar asibiti na karanta mata, tana zaune a benci, Madam a tsakaninmu. An rubuta cewa ciwon gaskiya ne, a rage mata tsayuwa, kuma a ɗauke mata duk wani aikin da ke buƙatar yatsu. Aikin keke kuwa ba komai ba ne sai yatsu.

“Ta yarda da ni ke nan, ko?” in ji Yaya.

Na ce ta yarda.

“To, sake karanta mini farkon. Sannan ki ajiye ta a jakarki, kada ki kai wa mai shago.”

Ranar Litinin ta riga kowa zuwa shago, ta shimfiɗa yadi a kan tebur, ta tsaya.