Takalmin Kofur Bitrus

Wata Asabar ce, bayan sallar La'asar, kuma har yau ba ta fita daga raina ba. Muna ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti na gidan rediyonmu a nan Bauchi. Ni ne mai kula da sauti. Shugaban sashen shirye-shirye, Alhaji Sambo, yana ofishinsa a ƙarshen baranda. Baƙinmu mutum huɗu ne, makaɗan wata ƙungiya da ke kiɗan rok a wani otal da ke hanyar Jos. Ba waƙar kansu suke yi ba. Waƙoƙin Turawa da aka sani a kaset suke maimaitawa, kuma gwanintarsu ita ce su yi waƙa har mai sauraro ya rantse kaset ɗin aka kunna. An shirya za su yi kiɗa kai tsaye a shirin matasa da ke biyo bayan labaran yamma. Ga wanda bai san aikin ba, kai tsaye na nufin babu gyara: abin da ya fita daga ɗakin shi zai shiga kunnen jama'a.

Shugabansu Malam Yohanna ne, malamin makaranta a Yelwa, shi ke waƙa yana danna fiyano mai lantarki. Tukur, ɗan unguwar Ɗan Iya, yana riƙe da jita. Kofur Bitrus, tsohon ɗan sanda da ya koma noma a Inkil, shi ke kaɗa babbar jita mai kaurin murya. Haruna na Tirwun kuwa yana kan ganguna.

Ƙa'idar aiki ita ce a fara da gwaji. Kowa ya kaɗa nasa shi kaɗai, ni kuma ina bayan gilashi ina duba allurar da ke auna ƙarfin sauti, kada ta shiga ja. Da aka zo kan Kofur sai na ga allurar tana zabura a kan kari, ko a inda bai taɓa tsirkiya ba. Na leƙa. Ashe yana kiɗa yana buga ƙafar hagu a ƙasa, ga takalman fareti masu nauyi, ga daɓen ɗakin na katako. Bugun yana bin sandar makirufo ya shigo mini. Abin da aka koya mana a irin wannan hali ɗaya ne. Na roƙe shi ya cire takalman, na ninka darduma na sa masa a ƙarƙashin ƙafa.

Bai yi musu ba. Ya ce, "An gama, yallaɓai," ya jera takalman a bakin ƙofa kamar za a zo duba bariki. Haruna ya kalli safarsa ya ce babban yatsan Baba Kofur ya riga kowa fitowa fareti. Aka yi dariya, allura ta kwanta, na ce su haɗa gaba ɗaya.

Waƙar ba ta kai tsakiya ba ta wargaje. Ganga ta yi gaba, jita ta bi ta a guje, murya ta rage a baya. Suka sake, wannan karon gangar ta yi nauyi kamar mai jan ƙafa. Suka sake, suka kuma sakewa. Malam Yohanna ya tashi daga kan fiyano ya hau kai da komo, yana duba agogon bango yana goge wuya da hankici. Ni ma agogon nake duba. Mai karanta labarai ya riga ya wuce ta baranda da takardunsa.

Malam Yohanna ya tsaya a kan Haruna. "Haruna, nan ba mahauta ba ce. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, shi ke nan abin da na roƙe ka."

Haruna ya ce wallahi yadda yake yi kullum haka yake yi.

Ana cikin haka Alhaji Sambo ya shigo, ya saurari rabin waƙa, ya ce mini idan aka gama labarai ba su daidaita ba in saka faifai, shi ba zai kunyata tasha ba. Yana fita Malam Yohanna ya yanke shawara. Fiyanonsa yana da gangar inji a ciki, zai kunna ta, Haruna ya zauna a waje. Ya ƙara da cewa dama ya daɗe yana tunanin neman mai ganga wanda ya san lissafi, kuma daga yau ya huta. Haruna ya ɗora sandunansa a cinya. Na san yaron nan ba shi da wata sana'a da ya ɗauka da daraja kamar wannan kujerar.

Akwai wani aiki da ya rage mini kafin shiri: in ɗauki gajerar hira da kowannensu a kan inda ya koyi kiɗa, don mai gabatarwa ta buɗe da ita. Lokaci ya ƙure, amma aiki ne, ba a tsallake shi. Na kunna na'ura na fara da shugaba.

Malam Yohanna ya ce a coci ya koya, a ƙauyensu wajen Bogoro, cikin mawaƙa, inda kowa ke kallon hannun mai ba da waƙa. Na tambaye shi yanzu da hannuwansa biyu ke kan fiyano, hannun wa yake kallo. Ya ce hannun daman Tukur, in yana share tsirkiya. Tukur ya ce shi jita a kaset ɗin yayansa ya koya, amma kari a wajen zikiri ya same shi, yana yaro yana buga mandiri, kuma a can ƙaramin mandiri babba yake bi, don haka shi kunnensa yana kan babbar gangar Haruna. Kofur ya ce shekarunsa na aiki a badujalar 'yan sanda ya yi su, yana busa ƙaho yana tafiya, kuma a fareti ƙafar hagu ce ke faɗuwa tare da ganga. Ya ce ko a gona yake fito, ƙafar nan sai ta buga.

Haruna ne na ƙarshe, kuma da ƙyar ya ɗago kai. Ya ce gidansu gidan kalangu ne, mahauta suke yi wa kiɗa. Na ce yaya ake koyon ƙirga a kalangu.

"Ba a ƙirgawa, Malam. Babana cewa yake, dubi ƙafar mai rawa. Inda ya sauke, nan za ka sauke."

"To a otal, ƙafar wa kake bi? Masu rawa?"

"A'a, su ai kowa da tasa. Ni dai ina jin dandamalin yana bugawa a ƙarƙashin kujerata, sai in bi."

Ya faɗi haka, sannan idonsa ya sauka a kan safar Kofur da ke nutse cikin darduma. Duk muka kalli wurin. Babu wanda ya taɓa lura a cikinsu. Malam Yohanna yana bin Tukur, Tukur yana bin Haruna, Haruna yana bin takalmin da ke ajiye a bakin ƙofa.

Kofur ya ce, "Ashe ni ne kwamandan, ba a taɓa ƙara mini igiya ba."

Ta lasifikar baranda na ji an shiga labaran wasanni, wato saura kaɗan. Mayar da takalmin ba wuya, matsalar allurata ce. Na ciro murfin katako na akwatin kayan aiki, na shimfiɗa shi yadda gefe ɗaya ke ƙarƙashin ƙafar Kofur, ɗaya gefen kuma ƙarƙashin kujerar Haruna. Sandunan makirufo na ɗora su a kan guntayen soson katifa da muke toshe taga da su. Bugun ya ragu amma bai ɓace ba. Na ruga ofishin Alhaji Sambo na gaya masa za a ji wani ɗan dum-dum a ƙasan kiɗan, kuma da sanina ne.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ka san ƙa'ida?"

Na ce na sani, ranka ya daɗe.

"To. In injiniyan tasha ya yi magana ranar Litinin, sunanka zan ba shi."

Ko gwaji ba mu samu mun sake ba. Na dawo na tarar Kofur yana ɗaure igiyar takalmi, Malam Yohanna kuma yatsansa yana kan maɓallin gangar inji, bai danna ba, bai kuma ɗauke ba. Jar fitilar fara shiri ta kama. Mai gabatarwa ta yi sallama, hirar ta wuce, na ɗaga hannu ta bayan gilashi. Takalmin ya sauka a kan katako, Haruna ya sauka tare da shi, Tukur ya shigo. Malam Yohanna ya janye yatsansa ya kama waƙa. Allurar tana ɗan zabura a kan kowane bugu, ni kuma ina riƙe da ita a bakin ja har suka kai ƙarshe a tare.

Abin da na ɗauka daga ranar, kuma nake gaya wa duk wanda aka turo mini koyon aiki, shi ne kada ka cire wani sauti daga ɗaki sai ka tambayi aikin da yake yi. Makaɗan garin nan daga wurare daban-daban suke fitowa, coci da bariki da zikiri da mahauta, kuma abin da ke riƙe su tare ba lallai ne su kansu sun san shi ba. Tun daga lokacin nake fara yin hira kafin gwaji.

Injiniya ya yi magana ranar Litinin, aka kuma ba shi sunana. Haruna ya ci gaba da zama a kan gangunan ƙungiyar har ta watse bayan rasuwar Kofur Bitrus. Murfin akwatin kuwa da shi suka tafi otal a ranar, ba su dawo da shi ba.