Kyanwar da Ta Tsare Mana Iri

Ku gyara zama, ku ara mini kunne. Wagga ba tatsuniya ba ce, a gidanmu aka yi ta, a Unguwar Lalle, shekarar da ruwan sama ya ɗauke, gero bai ko fid da kai ba.

Da aka ga babu, maigida da ɗanmu suka tafi cin rani. Kafin ya fita ya zuba ɗan irin da ya rage a rumbu, ya liƙe bakin da laka, ya bar kafa ɗaya daidai shigar kyanwa. A wurinmu mace ba ta buɗe rumbun miji, ko da yunwa za ta kashe ta. Aka bar ni da surukata mai tsohon ciki, da rumbun da ba ni da ikon leƙawa, ba ni kuma da ikon tafiya in bar shi. Unguwa tana ta watsewa, mu muna zaune.

Ɓerayen daji suka rasa abin ci, suka dawo gida. Da rana tsaka in na kara kunne a jikin rumbu sai in ji suna ɓarza. In irin nan ya ƙare, ko ruwa ya dawo ba mu da abin shukawa. Kyanwarmu kaɗai ke iya shiga, ita kuwa ta haihu 'ya'yan sun mutu, ta rame, gashi na zuba. In ta yi tsalle za ta kama kafar sai ta faɗo.

Surukata tana da jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta a asibiti. Ta ce mu daka ɗaya mu ɗura wa kyanwar, ai maƙwabciyarmu haka ta yi wa tata. Na ce mu ga yadda tatan za ta kwashe tukuna. Ba a jima ba kyanwar tata ta kama amai, ta mutu a bayan randa. Matar ta yi ta rantsuwa, wai ita a ganinta abin da ke ƙara wa mutum jini ba zai cuci dabba ba.

Akwai wata Bafulatana, ƙawata, mai kawo mana nono daga wajen Tsamaye. Shekarar nan ƙwaryarta wofi take. Ta ce malamin dabbobi zai zo duba shanunsu, na roƙe ta ta tambayar mini.

"Kaɗo dai ba ya rabuwa da abin dariya," in ji ta. "Mu shanu ke faɗuwa, ke kyanwa kike nema wa malami."

Amma ta tambaya. Ya ce maganin mutum guba ne ga kyanwa, na shanu ma ya fi ƙarfinta, nata kuwa sai likita ya ga nauyinta ya auna. A ba ta nama. In hanta ce, dafaffiya, kamar farcen babban yatsa, jefi-jefi, don in ta yi yawa ita ma cuta ce.

Ƙawar tawa ta zo mini da hantar wata saniya da suka yanka kafin ta mutu da kanta. Na dafa. Surukata na zaune tana bin hannuna da ido, rabonta da nama ta manta. Na riƙe wuƙa na kasa yankawa.

"Inna, ba ta," ta ce. "In babu iri, wanga da ke cikina me za shi ci baɗi?"

Na yanka wa kyanwa nata, na kyafe kaɗan saboda gaba, sauran na tura wa yarinya. Muka riƙa kama wa kyanwar fara a gindin danga. A hankali ta fara lasar jikinta. Wata safiya muka ga wutsiyarta ta shige kafar.

Da hadari ya fara haɗuwa maigida ya dawo ya fasa lakar. Ɓeraye sun ci rabonsu, amma abin da ya rage ya shuka gona.

Maigida ya yi damina da yawa bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Ɗanmu ya zauna can inda ya je, sai da sallah. Surukata ta haifi mace, jikar tawa yanzu tana aure a Gangara. Maƙwabciya ta koma garin Isa wajen danginta. Ƙawata ta bi sauran shanunsu kudu, ban sake jin labarinta ba. Kyanwar ta tsufa a gindin rumbun, nan na binne ta.