Mujiyar Ustad Fazal Din

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairu, bayan la'asar, 'yarka Rukhsana ta kira ni daga garin Sialkot ta ce ka cika. Ustad Fazal Din, mai ɗinka wa sojoji tambarin kafaɗa da allura da zaren zinare, wallahi na yi rashin uba.

Mu ne rundunar jirage marasa matuƙa a sansaninmu, kuma matuƙan jiragen yaƙi ba su ɗauke mu a bakin komai ba. Su gaggafa da damisa ne a kafaɗunsu. Mu da muke tuƙi daga kan kujera a ƙasa, sai suka laƙaba mana mujiya, sunan da a yankinmu na Punjab ko yaro ka kira da shi sai an raba ku. Ni aka aiko shagonka a yi mana tambarin shaho, ko ma huta da gori.

Ka zuba mini shayi, ka dube ni ta saman tabarau.

"Sarfraz, ɗana, shahon aro za ku rataya? Me suke kiran ku?"

Da ƙyar na faɗa.

"To ita zan ɗinka. Ku manna ta a kafaɗa, mu ga da me za su ƙara zagin ku."

Ka yi mata jajayen idanu, fukafukai a buɗe. Ranar da muka fito da ita an yi dariya har da riƙe ciki. Shekarar da ambaliya ta ci ƙauyuka kuwa, jiragenmu ne suka riƙa gano waɗanda suka maƙale a kan rufin gidaje, masu dariyar suna bin inda muka nuna. Daga nan masu tara tambura suka fara yi maka sintiri, har daga ƙasashen waje. Ko ɗaya ba ka sayar musu ba. Ka ce wanda bai sha gorin ba, ba zai sa mujiyar ba.

Bara aka narkar da rundunarmu cikin wata, aka ce a cire tambarin daga kaki, a share sunan. Na zo maka ina huci. Hannunka ya riga ya fara rawa saboda tsufa, amma ka ce, "Kakin nasu ne, zaren nawa ne. Faɗa wa yaran kowa ya aiko da rigarsa ta gida." Da wannan hannun ka ɗinka mujiyar a kansu duka.

Rigunan muka sa ranar jana'izarka, Ustad. Biyu daga cikin waɗanda suka ba da umarnin cire tambarin suna sahun bayanmu, kuma sun gani. Su je su yi ta sharewa a takarda.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Allah Ya ba iyalanka haƙurin rashinka. Rukhsana, ƙanwata, allurarsa tana hannunki yanzu. In mujiyarmu ta koɗe, wurinki za mu zo.